Yadda Aka Binne Saje Abdulhafiz

A layinmu na Fagge akwai majalisa a gindin darbejiya, kuma ban taɓa ganin inda jarumai suka taru kamar nan ba. Tsakanin la'asar da magariba ake gama duk yaƙoƙin duniya a kan benci biyu. Akwai wanda ya san inda ya kamata a kai tankokin yaƙi, akwai wanda da shi aka ba wa ragamar soja da an gama da 'yan ta'adda kafin azumi. Ranar da tayar wata babbar mota ta fashe a Titin Ibrahim Taiwo kuwa, takalma kawai aka bari a wurin. Ni ciwon gwiwa ne ya hana ni tashi, har yau wasu suna ɗauka ƙarfin hali ne.

Dab da majalisar nan rumfar Baba Gana take, mai wankin hula. Daga Borno iyayensa suka zo da shi yana goye. Mun tsufa tare, ni ina ɗinki shi yana wanki, har idona ya gaza na rufe keke, shi kuwa yana nan da burushinsa da sitacinsa da gumakan katakon da yake kifa huluna a kansu su bushe. Ɗa namiji guda Allah ya ba shi, Abdulhafiz.

Yaron nan kowa a layi ya san shi da abu ɗaya: ba ya iya riƙe ƙafar rago ranar layya. Da ya ga an wasa wuƙa sai ya tuna an aike shi. Har ya yi gemu haka yake. Don haka ranar da ya ce zai shiga soja, dariya aka yi har da riƙe ciki. Ya shiga dai, ya daɗe a ciki, har ya kai saje, aka tura shi gabas.

Wata safiya hafsoshi biyu suka yi sallama a zauren Baba Gana. Suka ce an kai wa sansanin su Abdulhafiz hari a wajen tafkin Chadi, ya rasu a fagen fama, an binne shi a can saboda wurin ba ya shiguwa da sauƙi. Suka yi addu'a suka tafi. A zaman makoki ban ga hawaye a idon Baba Gana ba. Abin da ya yi ta maimaita mini shi ne abin da muka taso muna ji tun muna makarantar allo, cewa wanda ya faɗi a fagen fama ba a yi masa wanka, ba a naɗe shi a likkafani, da kayan jikinsa da jininsa ake sa shi a ƙasa, haka kuma zai tashi. Na san malamai suna da dogon bayani a kan wane yaƙi ne ya shiga wannan hukunci, wane ne bai shiga ba. Ni karatuna bai kai can ba, na Baba Gana ma haka. Da wannan ya riƙe zuciyarsa, kuma ta riƙu.

Sai Alhaji Abdulnasir ya zo da labari. Shi mai shagon atamfa ne a Kantin Kwari, kuma shi ne babban kwamandan majalisarmu. Wai direbansa mai kai kaya Kamaru ya ga wani a kasuwar Kusuri yana sayar da banda, tsayi ɗaya, tafiya ɗaya da Abdulhafiz. Alhaji bai ce shi ne ba, a'a, ai shi mutum ne mai tsoron Allah. Cewa kawai ya yi ba wanda ya ga gawa, kuma duk mun san yaron. Kafin sati ya zagayo, har masu sayar da ruwa a shataletalen Bata sun san ɗan mai wankin hula ya jefar da bindiga ya tsallake iyaka.

Baba Gana bai yi faɗa da kowa ba. Kujerarsa kawai ya juya, ya ba majalisa baya, yana wanke hulunan mutanen da ke cin naman ɗansa, su miƙo ta gefe ya karɓa ta gefe. Abin da ya fi cin sa, kamar yadda ya faɗa mini sau ɗaya bai ƙara ba, shi ma ya san yaron. In aka ce masa Allah ya jiƙan Abdulhafiz, sai amin ɗin ta tsaya masa a wuya, don bai san ko mamaci ake yi wa addu'a ko mai sayar da kifi ba.

A cikin gida kuwa labarin nan ya zama magani. Ya Fanta, uwar yaron, wadda ta daina cin abinci tun zuwan hafsoshi, ta tashi ta ɗora tukunya. Duk mai kawo banda daga gabas sai ta nemo shi ta ba shi saƙo: in ya ga wani dogo mai ɗan tsaga a haɓa, ya ce masa ya dawo gida, babu mai yi masa faɗa. Gida ɗaya, ɗa ɗaya, uba yana roƙon Allah ya sa ya mutu da gaske, uwa tana roƙon Allah ya sa ya gudu. Haka suka ci damina biyu.

Ana nan sai wani mutum ya fara kawo wanki. Ƙafarsa ɗaya, yana dogara sandar ƙarfe a hammata. Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya, amma ga ɗan gicciye a wuyansa, ka san daga Sabon Gari ya tsallako. Hular damanga guda yake kawowa, ruwan toka. Ya gaida Baba Gana har da rusunawa iya yadda ƙafa ɗaya ta bari, ya tsaya yana kallonsa kamar mai shirin magana, sai ya ce sai ya dawo karɓa. Ya karɓa, ba a jima ba ya sake kawo ta.

Rannan Baba Gana ya yafito ni, ya juya mini cikin hular.

“Salmanu, duba nan. Hular mutumin nan ba ta taɓa hawa kai ba.”

Na ce idona ba ya gani sosai. Ya ce ba sai da ido ba, in sa yatsa. Hular da ake sawa tana da zoben maiƙo da gumi a bakinta ta ciki, kowa da irin nasa, shi ko a duhu yana iya bambance ta Alhaji Abdulnasir da ta liman. Wannan kuwa sitacin da ya sa mata a wankin baya yana nan kangararau. Ga shi kuma ko da ƙarfi aka tura, ba za ta shiga kan mutumin ba.

Da ya dawo, Baba Gana bai miƙa masa hular ba. Ya tambaye shi, cikin ladabi, a ina ya baro ɗaya ƙafar. Mutumin ya ce a wajen aiki ne, Baba. Ya sake tambayarsa wane irin aiki. Ban taɓa ganin mai ƙafa ɗaya ya yi sauri irin na ranar ba. Kafin in gyara zama ya faɗa adaidaita sahu, ya bar hular a hannun mai wanki.

Mai adaidaitar ɗan layinmu ne, da yamma muka tare shi. Ya ce ai Boniface ke nan, tsohon soja, yana gyaran janareta a bayan kasuwar Sabon Gari.

Washegari da hantsi Baba Gana ya naɗe hular a takarda, ya ce in raka shi. Muka ratsa cunkoson Bata, muka shiga Sabon Gari. Shagon ƙarami ne, warin fetur da baƙin mai, a gabansa matarsa Agnes tana sayar da lemo da ruwan leda. Da Boniface ya ɗago ya gan mu, sai sifana ta faɗi daga hannunsa. Agnes ta dube shi, ta dube mu, ba ta tambayi ko su wane ne mu ba. Ta goge benci da gefen zanenta, ta ce Baba ku zauna, ta kawo ruwa mai sanyi.

Baba Gana ya ajiye hular a kan wani janareta, ya ce bai zo don ta ba. Ya ce in ya san ɗansa, ya faɗa masa abin da ya sani, mai daɗi ko marar daɗi.

Boniface ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da tsumman duk baƙi. Sannan ya fara. Ya ce shi kofur ne a ƙarƙashin Oga Saje, haka yake kiransa. Bayan la'asar aka afka musu, motoci masu manyan bindigogi a baya, mutane kamar fari. Hafsan da ke jagorantarsu shi harsashi ya fara samu, don haka magana ta dawo hannun Saje. Da ya ga ba za a iya riƙe wurin ba, sai ya umarci yaransa su bi wani busasshen rafi da ke bayan sansanin su shige cikin kaba, shi zai zauna a rami da babbar bindiga. A nan ne wani abu ya fashe kusa da Boniface, ya duba ya ga ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Saje ya fito daga rami a cikin ruwan harsashi, ya saɓa shi a kafaɗa har bakin rafin, ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya, ya damƙa shi a hannun wani soja mai suna Chibuike. Sannan ya juya.

Boniface ya ce ya riƙe masa riga, ya roƙe shi su tafi tare. Saje ya ce in bindigar nan ta yi shiru za su gane ramin ba kowa, su biyo rafi, kuma mai ɗauke da gurgu ba ya tsere wa mota. Ya fizge rigarsa ya koma. Suna kwance cikin kaba suna jin muryar bindigarsa ita kaɗai, tana yi tana hutawa, tana yi tana hutawa, har rana ta yi ja. Duk wanda ya bi rafin nan ya tsira. Daga baya aka ji ƙarar jirgi, maharan suka kwashi abin da suka kwasa suka gudu. Su uku da ba su yi nisa ba suka lallaɓo suka dawo, suka same shi a kife a kan bindigar.

Baba Gana ya ce, “Yaya kuka binne shi?”

Na ga Boniface ya saci kallon matarsa. Sai ya gyara murya, maganar ta fito sumul kamar wadda aka daɗe ana haddacewa.

“An yi masa komai, Baba. An yi masa wanka da ruwan ɗumi. Aka samo farin yadi sabo fil, aka naɗe shi. Liman ya zo, mutane suka yi sahu. Wallahi ko a gida iyakar abin da za a yi masa ke nan.”

Ina kallon fuskar abokina tana zubewa. Ya tambaya a hankali, a ina aka samu liman a cikin kaba, wane kanti ne kuma yake sayar da farin yadi a bakin busasshen rafi. Boniface ya ce ai an kai shi gari ne. Baba Gana ya ce to ashe ya kai gari. Wanda aka yi wa ruwan ɗumi da sabon yadi ba a bakin bindiga ya mutu ba. Ko dai ya baro wurin da ƙafarsa, ko kuwa duk labarin nan, da rafin da bel ɗin, an shirya shi ne don a lallashi tsoho. Ya ce ya gode da kirki, amma kirki ya ishe shi haka. Ya dafa kafaɗata ya miƙe.

Agnes ce ta tsaya a bakin ƙofa, da buɗe-kwalba a hannunta.

“Boni, faɗa masa wanda kake faɗa mini. Ka ishe ni da shi, alhali Baba ne mai shi.”

Boniface ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryar ba ta haddar ba ce.

“Ba mu wanke shi ba, Baba. Ruwan da ya rage gora ɗaya ne, ni aka ɗura wa. Babu yadi. Babu liman, mu uku ɗin babu Musulmi ko ɗaya. A ramin da ya tona da hannunsa muka kwantar da shi, muka tura ƙasa. Ni da hannu na tura, ina kwance.”

Ya ce abu ɗaya kawai suka iya. Saje ya jera 'yan duwatsu a gefen ramin, inda yake fuskanta in zai yi salla. Sai suka kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa tana kallon duwatsun. Ya ce a garinsu ko talaka ne ya mutu sai an ajiye shi a asibiti an tara dangi, an ɗinka masa sabon kaya, an sayi akwati, an yi waƙa. Mutumin da ya ba shi rai kuma ya rufe shi kamar abin da mota ta buge a hanya. Da wane ido zai kalli ubansa ya faɗi haka? Shi ya sa ya sayi hula a bakin kasuwa, don ya samu dalilin zuwa, in ya zo kuma bakin ya ƙi buɗuwa.

Baba Gana yana tsaye, hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata.

“Da kakinsa?”

“Da shi, Baba.”

“Da takalminsa?”

“Bindigar kawai muka ɗauke.”

“Jinin fa? Kun goge?”

“Da me za mu goge? Ka yafe mini.”

Baba Gana ya koma ya zauna a bencin. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya kuma cewa, hawayen da ban gani ba a zaman makoki suna bin gemunsa. Boniface ya dube ni a tsorace, yana zaton tsohon ya zautu. Dole ni na yi masa bayani, cewa abin da ya ɓoye damina biyu yana jin kunyarsa shi ne irin jana'izar da ba a yi wa kowa sai wanda ya faɗi a fagen fama, kuma da sun samu ruwan da yadin da sun ɓata ta. Na ce masa rashi ne ya sa suka yi daidai. Agnes ta ce ai ta sha gaya masa ya je ya tambaya, Fagge ba Legas ba ce, titi ɗaya ne a tsakani, amma soja ba ya jin maganar mai sayar da lemo.

Da Baba Gana ya share fuska, sai ya ce saura tambaya ɗaya, kuma kada a sa mata sitaci. Ɗansa yana jin tsoro?

Boniface ya auna ko wannan ma tarko ne. Sannan ya ce kullum. Kafin a fara harbi hannun Oga Saje rawa yake, har sai ya soke shi a aljihu don kada yara su gani. Kuma in an samu akuya za a yanka a sansani, sai ya tuna akwai abin da zai duba a bayan mota.

Baba Gana ya yi dariya har da tari. Ya ce, “To shi ne. Ba ɗan wani kuka binne ba.”

Da la'asar ranar, ya ɗauki kujerarsa ya juyo da ita tana fuskantar majalisa. Bai yi jawabi ba, ni na ba da labarin, kuma ban rage komai ba. Alhaji Abdulnasir ne ya fara farfaɗowa. Ya ce shi dama tun yaron yana ƙarami yake ganin wani abu a idonsa, kuma masu shiru-shirun nan su ne maza. Direban nan kuwa, ya ce, dama ba ya gani sosai, ya kusa sallamarsa. Kafin magariba ya nuna mana da sandar rake yadda ya kamata a ce an kafa bindigar, da an tambaye shi. Yanzu in baƙo ya zo majalisa, shi yake ba da labarin shahidin layinmu, kuma a bakinsa maharan suna ƙaruwa duk wata.

Boniface yana zuwa har yanzu. Baba Gana ya karɓe damangar nan, ya ba shi wata daidai kansa, ya ce kada ya kuskura ya dawo da ita sai ta yi datti. Yana sawa ya je coci da ita, in ji Agnes.

Abin da ya faru a cikin gida kuwa, Baba Gana ne ya faɗa mini, da daɗewa bayan haka. Ya shiga da murnarsa ya zayyana wa Ya Fanta komai, da rafin, da duwatsun, da takalmin. Tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba har ya gama. Sannan ta ce, “To madalla. Kai ka samu naka ɗan.”

Daga ranar ba ta ƙara neman masu kawo banda ba, kuma ba a ƙara dafa ta a gidan ba.